Kiɗan da na yi wata 5 ina gudu

Yau zan ba ku labarin wani aiki da ya ba ni tsoro, har na yi wata 5 ina gudunshi. Aikin nan kuwa kiɗa ne. Na san wani zai yi dariya, ya ce: "Kiɗa ma har tsoro yake ba mutum?" To, ku biyo ni ku ji.

Ni mutumin ƙasar Damagaram ne, daga wani ƙauye kusa da Matamai. Gidanmu ba gidan makaɗa ba ne. Babana manomi ne, gero da gyaɗa yake nomawa. Da na gama lakwal a Damagaram, sai na tafi Yamai ƙarin karatu. A can na fara taɓa wani ɗan piyano mai aiki da lantarki, na wani abokina. Daga baya na samu tafiya Faransa, birnin Liyon, don karatun aikin ruwa.

A Liyon na sauka gidan wata tsohuwa Bafaranshiya. Ta ba ni ɗaki a kan kuɗi kaɗan. Ni kuma ina yi mata cefane, ina hawar mata da kaya, don gidan a hawa na 3 yake. Madam nake ce mata. Ita kuma "yarona" take ce mani. Ta yi shekara fiye da 40 tana koya wa yara piyano. Ranar da ta ga ina leƙen nata, sai ta ce in zauna in nuna mata abin da na iya. Daga ranar ta zama malamata.

Mene ne piyano?

Piyano kayan kiɗan Turawa ne. Babban akwati ne na katako, mai nauyi ƙwarai. A gabanshi akwai ƴan sanduna a jere kamar haƙora. Farare 52 ne, baƙaƙe 36, duka 88. A cikin akwatin akwai tsirkiyoyin ƙarfe fiye da 200, an ja su tamau. In ka danna haƙori ɗaya, sai wata ƴar guduma ta tashi a ciki, ta bugi tsirkiya, murya ta fito. Haƙoran wajen hagu muryarsu mai kauri ce. Na wajen dama muryarsu siririya ce. Wani mutumin Italiya mai suna Kiristofori ne ya ƙera na farko, wajen shekarar 1700.

Mu a gida, makaɗi da kunne yake koyo, a wurin ubanshi ko maigidanshi. Turawa kuwa rubuta irin wannan kiɗa suke yi a takarda. Suna jan layi 5 a jere, su sa ɗigo-ɗigo a kai. Kowane ɗigo yana nuna haƙorin da za ka danna, da daɗewar da za ka yi a kanshi. Layukan sama na hannun dama ne, na ƙasa na hannun hagu. An yanka layukan gida-gida, kamar gidajen dara. Shi ya sa mutum zai mutu ya shekara 200, amma a buɗe takardarshi a kaɗa kiɗanshi yadda ya shirya shi.

Shekara 4 Madam tana koya mani. Na iya ƙananan kiɗe-kiɗe masu daɗi. In na haɗu da maƙwabta a matakala, sai su ce: "Jiya mun ji ka, ka yi ƙoƙari." Kaina ya fara girma.

Ranar da aka ba ni takarda

A farkon shekarata ta 5, cikin watan Satumba, Madam ta miƙo mani wata sabuwar takarda. Ta ce: "Yarona, lokaci ya yi. Ga aikin bana."

Sunan kiɗan Fantaisie-Impromptu. Wanda ya shirya shi sunanshi Firederik Shopan. An haife shi a ƙasar Polan a 1810. Ya koma birnin Paris a 1831, a can ya rasu a 1849, yana da shekara 39. Ya shirya wannan kiɗa a 1834, amma bai fitar da shi ga jama'a ba har ya rasu. Wani abokinshi mai suna Fontana ne ya fitar da takardar a 1855. Yau yana cikin kiɗan Shopan da aka fi sani a duniya.

Kiɗan kashi 3 ne. Na farko gudu ne, kamar iskar da ke gaban hadari. Na tsakiya sanyi gare shi, kamar uwa tana lallashin jariri. A na ƙarshe sai gudun ya dawo. Gwani yana gama shi duka cikin minti 5 ko kusa da haka.

Da na buɗe shafin farko, sai gabana ya faɗi. Takardar baƙi ƙirin da ɗigo, kamar tururuwa sun samu sukari. Amma yawan ɗigo ba shi ne babbar wuyar ba. Ga wuyar: lokacin da hannun dama yake bugu 4, hannun hagu 3 yake yi. Ku ɗauka mutum 2 suna tafiya tare, gajere da dogo. Gajere yana taku 4, dogo yana taku 3, amma dole su isa gindin kowace bishiya tare. To, mutanen nan 2 hannuwan mutum ɗaya ne. Kuma da gudu ake tafiyar.

Daren nan na gwada. Hannun hagu ne yake farawa shi kaɗai, wannan bai ba ni wuya sosai ba. A gida na 5 hannun dama yake shiga. Nan komai ya dagule. In dama ta tafi, hagu ta tsaya. In hagu ta tafi, dama ta bi ta, ta manta nata. Abin da ya fito kamar tukwane sun zubo daga kan jaki. Madam tana madafa, na san ta ji. Ba ta ce komai ba. Na rufe takardar, na sa ta ƙarƙashin sauran.

Dabarun gudu

Daga nan na shiga gudu. Ban taɓa cewa ba zan yi ba. Kullum gobe nake cewa. Yau in ce jarrabawa ta matso. Gobe in ce ɗari ya sa yatsuna sun sandare. Jibi in ce dare ya yi, kada in dami maƙwabta. In na zauna gaban piyano, sai in fara da tsofaffin kiɗe-kiɗen da na iya. In ce bari hannu ya yi zafi tukuna. Kafin hannu ya yi zafi, lokaci ya ƙare.

Wata dabarar kuma, sai na koyi kashin tsakiya, mai sanyin nan. Shi ma yana da ƴar wuyarshi, amma ba gudu a ciki. Ranar Asabar, ranar darasi, shi nake kaɗa wa Madam. In ta tambaye ni shafin farko, sai in ce: "Ina nan ina duba shi, Madam." Ƙarya nake yi.

Da dare kuma ina sauraron gwanaye a salula suna kaɗa shi. Ina ce wa kaina koyo nake yi. Alhali duk wanda na saurara, sai jikina ya ƙara yin sanyi. Har ta kai in na shigo ɗakin, ba na son kallon wajen da takardar take.

Na daɗe ina tsammani ragwanci ne. Amma ni ba rago ba ne. Tun ina yaro nake bin babana gona da asuba. Da na zauna na bincika zuciyata, sai na ga kunya ce. Shekara 4 ana yaba mani. Yanzu in na taɓa kiɗan nan, kowa a gidan zai ji na koma ɗan koyo. Bangon gidan ba kauri gare shi ba. Akwai kuma wata murya a cikina da take cewa: "Kai ɗan manomi, me ya haɗa ka da kiɗan nan? Ba irin naku ba ne." Muddin ban gwada ba, ba wanda zai ce na kasa. Wannan shi ne ramin da na ɓuya a ciki.

Abin da ya fitar da ni

A ƙarshen watan Janairu, ɗiyar Madam ta zo daga wani gari. Suka daɗe suna magana a ɗaki. Madam ta tsufa, hawa matakala ya gagare ta. Ciwon gaɓoɓi ya lanƙwashe mata yatsu, ta yi shekaru ba ta iya kiɗa da kanta. Suka shirya za ta koma gidan kula da tsofaffi a ƙarshen watan Yuni. Ɗakin da za a ba ta ƙarami ne. Piyano sai an sayar.

Ranar Asabar ta ce in kawo takardata. Ta juya ta shafi-shafi. Shafukan tsakiya sun yi dauɗa, gefensu ya nannaɗe. Shafin farko kuwa sabo fil. Ta dube ni ta saman madubin idonta, ta ce: "Yarona, takarda ba ta iya ƙarya ba." Na sunkuyar da kai.

Ba ta yi mani faɗa ba. Ta ce in buɗe wani akwati, in ɗauko mata wata tsohuwar takarda da ta yi ja don tsufa. Kiɗan nan ne, nata na ƙuruciya. Ko'ina rubutun kiriyon ne. Ta zagaye wasu gidaje sau 2, sau 3. A gefe ta rubuta ranaku. Na duba ranar farko da ta ƙarshe, na ga shekara guda cur. A kan gida na 5 takardar har ta huje don gogewa.

Ta ce: "Ka gani? Ni ma a nan na tsaya. Kowa a nan yake tsayawa. Ban ce ka kaɗa shi kamar gwani ba. So nake in ƙara jin shi sau ɗaya a ɗakin nan, kafin a fitar da piyano."

Daren nan ban yi barci sosai ba. Wata 5 na zubar. Wata 5 suka rage.

Yadda muka yanka aikin

Washegari Madam ta kafa mani doka 4.

Ta farko: takardar ta zauna a buɗe a kan piyano, a shafin farko, dare da rana. Ba rufewa. Hausawa sun ce: ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe. Haka kuwa aka yi. Bayan sati ɗaya, kallonta ya daina tayar mani da hankali.

Ta biyu: minti 15 kowace safiya, bayan na sha shayi, kafin in fita. Ina saita agogo. In ya buga, dole in tashi, ko da abin ya fara daɗi. Minti 15 ba su da yawan da mutum zai ce ba shi da lokaci.

Ta uku: da mai wuya ake farawa. Ba a taɓa tsohon kiɗa sai an gama aikin ranar.

Ta huɗu: gida ɗaya a rana. Hannun hagu shi kaɗai, har ya iya. Hannun dama shi kaɗai, har ya iya. Kuma sannu-sannu, kamar tafiyar hawainiya. Ta ce duk wanda ya maimaita kuskure da sauri, kuskuren yake koya wa hannunshi.

Maganar 4 da 3 kuwa, ba a kan piyano muka fara ta ba. A kan teburin cin abinci muka fara. Ta jera ƙwayar wake 12 a gabana. Ta ce in ƙirga su a hankali, daga 1 zuwa 12. Hannun hagu zai bugi tebur a kan 1, da 5, da 9. Hannun dama zai buga a kan 1, da 4, da 7, da 10. Ku ma ku gwada a kan gwiwoyinku, ba sai da piyano ba. Za ku ji abin yana tafiya haka: tare, dama, hagu, dama, hagu, dama. Sai a koma 1, hannuwa su sake haɗuwa.

Na yi ta bugun nan ko'ina. A cikin mota, a kan cinyata. A aji, a ƙarƙashin tebur. Da ƙirga ina iyawa. Amma da na ƙara sauri, ƙirga ba ta iya bin hannu, sai komai ya sake rushewa. Sati 3 ina nan a gida na 5 da na 6. Maƙwabcinmu na ƙasa ya tare ni, ya ce: "Wai piyanon ne ya lalace?" Na ji kunya kamar in nutse. Amma washegari na zauna, don minti 15 ne kawai.

Luguden innata

Wata safiya ina cikin fama, sai na tuna gida. Na tuna innata da gwaggona suna daka a turmi ɗaya, suna lugude. Taɓarya tana tashi, taɓarya tana sauka, har da tafi a tsakani. Ba mai ƙirgawa a cikinsu. Ba mai kallon taɓaryar ƴar'uwarta. Kowace ta riƙe nata bugun, kunnenta kuma yana jin na ɗayar. Da ɗaya za ta tsaya tana lura da hannun ɗayar, da taɓare sun gwabza.

Sai na gane kuskurena. Na sa hannun dama yana gadin hannun hagu. Na bar ƙirgar 12. Na saki hannun hagu ya yi ta zagayenshi shi kaɗai, sau 10, sau 20, har na daina tunaninshi. Hankalina na ajiye shi wurin da hannuwan suke haɗuwa kawai. Sannan na sako hannun dama a kai.

Gida ɗaya ya fita sumul. Na tsaya, gashin jikina ya tashi. Na sake, ya rushe. Na sake, ya fita. Daga madafa na ji Madam ta buga cokali a tukunya sau 2. Gaisuwarta ke nan. A ranar muryar nan mai cewa ba irin namu ba ne ta yi shiru. Ashe tun ina goye a bayan innata nake jin bugu 2 suna tafiya tare.

Daga nan muka ɗauko wani ɗan agogo da ake ce wa metoronom. Ba ya nuna lokaci, ƙas-ƙas kawai yake yi, a saurin da ka saita shi. Muka fara daga ƙasa. In na kaɗa wuri sau 3 a jere ba kuskure, sai a ƙara sauri kaɗan. In na yi kuskure, a koma baya. Kowace rana ina rubuta inda na tsaya a cikin kaye. Minti 15 suka zama 30, don yanzu ni nake roƙon ƙari.

A watan Afrilu na yi wauta. Na ga lokaci yana tafiya, sai na yi awa 3 a zaune rana ɗaya, ina tura gudu da ƙarfi. Wuyan hannuna na dama ya kama ciwo. Madam ta hana ni taɓa piyano kwana 8. Ta ce na ɗaure kafaɗa da hannu tamau, alhali gudu daga sakin jiki yake fitowa. Da kwanakin suka cika, sai na ji tsohon tsoron ya dawo. Na tsaya a ƙofar ɗakin ina neman dalili. Amma takardar tana nan a buɗe, agogo yana nan. Na ce wa kaina: gida ɗaya kawai. Na zauna.

Lahadin ƙarshe

Lahadin ƙarshe ta watan Yuni, ɗakin cike yake da kwalaye. An sauke hotuna daga bango. Mutum 4 ne suka saurare ni: Madam, da ɗiyarta, da maƙwabcin nan na ƙasa da matarshi. Tafin hannuna ya jiƙe da gumi.

Na fara. Gida na 5 ya wuce lafiya, ban ma lura ba sai da ya wuce. Kashin tsakiya ya yi daɗi, don shi na daɗe da sani. A kashi na 3 hannun dama ya ɓata hanya. Da a da ne, da na tsaya cak. Amma hannun hagu ya ci gaba da zagayenshi, har dama ta samu wurin haɗuwa ta shigo. A can ƙarshe, gudu yana lafawa, waƙar tsakiyar nan tana dawowa a hannun hagu, a hankali, har kiɗan ya mutu. Abin da gwani yake yi a minti 5, ni na yi shi a minti 8.

Ɗakin ya yi tsit. Can Madam ta ce: "A shafi na 2 ka yi gaggawa." Muka yi dariya duka. Sannan ta kama hannuna da yatsunta masu lanƙwasa, ta riƙe, ta daɗe ba ta saki ba.

Ranar Talata ƙarti suka zo suka sauke piyano ta matakala. Ranar da za ta tafi, ta ba ni tsohuwar takardarta mai hujin nan. Bayan shekara 2 ɗiyarta ta aiko mani da labarin rasuwarta.

Yanzu ina aiki a Maraɗi. Ina da ɗan piyano mai lantarki a ɗakina. Har yau ban kai saurin gwanaye a kiɗan nan ba, kuma na san da wuya in kai. Tsoron ma bai mutu ba. Duk lokacin da na samu sabuwar takarda mai wuya, sai in ji ina son cewa gobe. Amma yanzu na san muryarshi. Sai in buɗe takardar in bar ta a buɗe, in saita agogo, in nemi gida ɗaya. Sannu ba ta hana zuwa.

Wani lokaci da safe, ina cikin minti 15 ɗina, sai in ji matan maƙwabta sun fara daka a bayan katanga. Nakan ɗan tsaya in saurare su, sannan in ci gaba.

Ƴan'uwa, labarina ke nan. In akwai abin da kuka tura ƙarƙashin kaya kuna ce mashi gobe, ku fito da shi ku ajiye inda ido zai riƙa ganinshi. Na bar ku lafiya.